Shekarar da Na Fasa Jinga

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da kuka taso kuna ji a ƙauyen nan, cewa akwatin Falmata ne ya cinye shinkafar Baffanku Bukar. Wasunku sun yarda da ita, wasunku sun yi faɗa a kanta ba tare da sun san kan zancen ba. Ni da na san kan zancen na daɗe ina kame bakina, kuma ba don kirki na kame shi ba, tsoro ne ya hana ni magana. Yanzu ido ya fara raguwa, hannu yana rawa idan na riƙe biro, don haka gara in ajiye muku yadda abin ya faru tun ina iya jera magana. Wanda ya karanta ya ji haushina, yana da gaskiya.

Kun san aikina auna ruwa ne, shi na yi har na yi ritaya. Kowace safiya nakan shiga kwalekwale in haura mashigin da ke sama da ƙauyenmu, in tsoma sandar awo mai zane-zane, in rubuta inda ruwa ya kai a ɗan littafi. Daga nan in hau keke in kai lambar ofis a Haɗeja. A can wani akawu zai haɗa tawa da ta sauran masu awo, ya yi lissafinsa, bayan kwana biyu a ce mana ruwa zai ƙaru ko zai janye. Sau da yawa ruwan kan riga amsar isowa, mu karɓi takarda muna tsaye cikinsa har gwiwa. Ban taɓa ganin aibin tsarin ba, don ina son hawan keken, ina kuma son a gan ni da littafi a aljihu. Ko bayan na ajiye aiki mutane ba su daina tsayar da ni a hanya suna tambayar me kogi ke cewa ba, ni kuma ina jin daɗin tambayar fiye da yadda ya kamata.

Falmata ita ce 'yata ta uku, ita ce kuma ta kwashe taurin kaina kaf ba ta rage wa kowa ba. Ta yi karatun haɗa kwamfuta a jami'a, ta ci gaba da bincike tare da malamanta. Dab da faɗuwar damina a shekarar da nake ba ku labari, ta zo gida da wani akwati da bai fi kwanon sha girma ba, da ɗan farantin sola a kansa. Ta ajiye shi a tabarma a zaure, inda muke zaune ni da Yaya Bukar. Shi Yaya, ga waɗanda ba su riske shi da ƙarfinsa ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini tuƙin jirgi, shi ya nema mini auren mahaifiyarku Yagana. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba.

Na tambaye ta me wannan abu ya fi sandata da shi.

"Baba, irin wahalar da ka sha ita kwamfuta ke sha," in ji ta. "A cikinta akwai wurin ajiye lambobi daban, akwai wurin lissafi daban. Duk lissafin da za ta yi sai ta ɗauko lamba daga ma'aji ta kai wancan wurin, ta kuma mayar da amsa. Wannan kai da kawowa shi ke cinye lokaci, shi ke shanye batir. Mu abin da muka yi, mun sa ma'ajin da kansa ya riƙa yin lissafin a inda lambobin suke zaune. Shi ya sa amsarsa nan take ce, kuma 'yar rana kaɗan ta ishe shi."

"To ashe ni da kekena kuka zo kashe wa kasuwa," na ce.

Yaya bai yi dariya ba. Ya juya akwatin a hannunsa, ya mayar da shi tabarma.

"Falmata, Allah ya yi wa karatu albarka. Amma ni duk mai ba da amsa da sauri nakan so in sake tambayarsa."

Washegari muka kafa turken ƙarfe a bakin mashigi, ta ɗaure akwatin a samansa yana kallon ruwa. Ta yi mini bayani cewa yana auna tazarar da ke tsakaninsa da fuskar ruwa, ya haɗa da saurin hawan ruwan da abin da ya gani a kwanakin baya, ya faɗi lokacin da ruwa zai haye jingar da ta kare ƙauye. Amsar tana zuwa kan wani ɗan allo da ta rataye a zaurena, ba ta bi ta layin waya. Ta buga ƙusa a jikin giginyar da ke kusa, ta ja zare zuwa wani jan fenti a jikin turken, suka yi daidai wa daida. Sannan ta dube ni ta ce aikina biyu ne kawai. In riƙa goge farantin, kuma kada in bari a ɗaure komai a jikin turken, ko da akuya ce. Na ce na ji, a raina kuwa ina cewa yarinyar da na goya ce yau take koya mini zaman bakin kogi.

To ku da kuka tashi a nan kun san halinmu. Duk abin da ya tsaya a tsaye a bakin ruwa, wurin ɗaure jirgi ne, ba a tambayar mai shi. Ranar farko na jawo kwalekwalena kan tudu kamar yadda ta ce. Rana ta biyu ƙuguna ya ƙi, na dubi turken nan na ƙarfe, mai kauri, na ce ƙaramin jirgi na ɗan lokaci ba zai yi masa komai ba. Daga ranar kullum a jikinsa nake ɗaurewa. Masunta suka ga mai turke da kansa yana ɗaurewa, su ma suka bi. Akwai safiyar da na tarar da jirage huɗu a jikinsa ruwa yana fizgarsu, na yi musu barka da asuba na wuce, don ba ni da bakin hana su.

Da damina ta yi nisa aka shiga marka. Kwana shida ba mu ga rana ba sai wani haske-haske mai kama da ruwan koko. Fitilun sola na gidaje suka mutu, wayoyi suka mutu, waɗanda ke da sauran caji kuma babu sabis. Hanyar Haɗeja ta yanke a kwari. Ciyawar kacala ta toshe tsohuwar hanyar ruwa ta kudu, kogi ya rasa inda zai bi sai ta wajenmu. A duk ƙauyen abu ɗaya ne ya rage yana aiki, akwatin Falmata. Abin da ta faɗa gaskiya ne, ɗan hasken nan ya ishe shi. Mutane suka riƙa cika zaurena suna kallon allon, ni kuma ina zaune a gefe ina fassara musu kamar ni na ƙera shi.

Ranar wata Laraba da hantsi, allon da ya saba nuna kore ya koma ja. Ya rubuta cewa ruwa zai haye jinga ta bayan unguwar masunta kafin la'asar. Gidajen unguwar duk na laka ne, a kwari suke, akwai tsofaffi da masu jego, kuma babu tudun da za a kwashe su a kai cikin 'yan awannin da suka rage. Magani ɗaya ne tun zamanin kakanni. Akwai wani wuri a jingar, can yamma, da ake fasawa ruwa ya zube cikin fadama ya rage wa ƙauye nauyi. Fadamar da ke bayan wurin kuwa, kusan dukkanta gonar Yaya Bukar ce. Shinkafarsa ta sunkuyar da kai, saura kamar mako biyu yanka, kuma a shekarun nan ban taɓa ganin ta yi masa kyau haka ba.

Akwai ƙa'idar fasa jinga a wajenmu, kuma ina so ku riƙe ta. Bulama, mai garinmu, shi ke ba da umarni bayan ya ji ta bakin mai awo. Amma ba wanda ke sa fartanya sai mai gonar ya fara sara da hannunsa. Idan ya sara, ya bayar ke nan, sadaka ce tsakaninsa da Allah, babu wanda zai ce an ƙwace masa. Ina neman takalmina Yagana ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Malam, kome allon nan ya ce, ka bar Yaya ya fara sara."

"Na san al'ada, ba yau aka haife ni ba."

"Na san ka sani. Na kuma san ka idan mutane suna kallonka."

Na fita raina a ɓace.

Lokacin da muka taru a kan jinga rana ta kusa take tsaka. Ruwa ja wur yana tafe da karan dawa da rassan itace, yana lasar jikin jingar. Bulama ya tambaye ni a gaban jama'a, na faɗi abin da allo ya ce. Kowa ya juya ya dubi Yaya. Yana tsaye da fartanyarsa a kafaɗa, wato ya zo da shirin bayarwa, wannan ma ina so ku sani. Ya dubi ruwan ya daɗe, ya tsuguna ya auna da hannunsa daga bakin jinga zuwa ruwa, ya miƙe.

"Modu, ruwan nan da nake gani bai kai abin da akwatin ke faɗa ba. Ɗauki sandarka ka haura mashigi ka auna da idonka. In sandarka ta ce a fasa, wallahi ni zan fara sara, ba sai an roƙe ni ba."

"Yaya, zuwa da dawowa a wannan ruwan ya fi awa ɗaya da rabi. Babu lokaci."

"Akwai. Ni na koya maka tuƙi, na san abin da za ka iya."

"Akwatin yana can a wurin, yana gani yanzu-yanzu. Me sandata za ta ƙara?"

"Za ta ƙara idon ɗan'uwana," ya ce.

Wata mata daga unguwar masunta ta fara kuka tana cewa uwarta ba ta iya tafiya. Maza suka fara gunaguni. Bulama ya ce shi bai san lissafi ba, maganar tana wuyana. Gaskiya ina tsoron a rasa rai, wannan ba ƙarya ba ne. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin tsoron. Kwana shida ina cika baki da akwatin 'yata, in na hau jirgi da sanda yanzu, na nuna wa duniya ni ma ban yarda da shi ba. Na miƙa hannu na karɓi fartanya daga wani da ke kusa da ni, na taka zuwa wurin, na sara. Na sake sara, sannan sauran suka shigo.

Ba a daɗe ba ruwa ya karɓi aikin daga hannunmu. Ya yage bakin da muka buɗe, ya faɗa fadama da ƙara. Muna kallo shinkafar ta kwanta layi bayan layi, kafin azahar ta wuce babu abin da ake gani sai ruwa. Yaya bai zage ni ba, bai ko dube ni ba. Ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa, ya ajiye ta a kan jinga, ya tafi gida ya bar ta a nan. Ruwa bai shiga ƙauye ba. Da yamma mutane suka riƙa zuwa suna yi mini godiya, wata tsohuwa har da kawo mini kifi. Yagana ta karɓa ta dafa, amma ba ta ci ba.

Kafin kaka Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma garin Malam Madori wajen babban ɗansa. Kun san mutumin da ya raini ƙaninsa, da wuya bakinsa ya iya furta cewa ƙanin ya ci mutuncinsa. Sai ya ɗora abin a kan wadda ta fi sauƙi. Ya ce yarinya ta kawo na'ura ta raba shi da ɗan'uwansa, ta sa ƙarfe ya fi shi daraja a bainar jama'a. Ni yakan amsa sallamata a daƙile. Falmata kuwa, in ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya juya fuska bango. Maganar ta bazu, har waɗanda aka ceci gidajensu suka fara cewa ai dama ruwan ba zai hau ba, akwatin 'yan boko ne ya yi ƙarya.

Da ruwa ya janye na koma mashigi don in goge farantin. Idona ya faɗa kan ƙusar nan ta jikin giginya. Ban san me ya sa ba, na ciro zare daga bakin rigata na ja zuwa turken. Jan fentin ya sauka ƙasa da ƙusar da taƙi ɗaya da yatsa biyu. Fizgar jirage ta yi ta girgiza turken a cikin laka mai laushi, yana nutsewa kaɗan-kaɗan. Duk yadda ya nutse, akwatin yana ƙara kusantar ruwa, shi kuma yana ɗauka ruwan ne ke hawowa. Lissafinsa bai yi kuskure ba, lambar da aka ba shi ce gurguwa, kuma igiyata ce ta fara gurgunta ta. Na zauna a gindin giginyar. Da na je da sandata kamar yadda Yaya ya roƙa, kallo ɗaya zan yi in gane.

Falmata kaɗai na faɗa wa, da ta zo hutu. Ta ɗauko takarda ta sake lissafin da lambar gaskiya.

"Da ruwan zai tsaya dab da baki, Baba. Zai iya hayewa, zai iya fasa hayewa. Allah kaɗai ya san wanne."

"To ke nan ba lallai na yi kuskure ba."

"Fasawar ban sani ba. Amma da akwai lokacin zuwa aunawa. Baffa ya yi gaskiya."

Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa tukuna, in samu yadda zan ɓullo wa abin.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "Maganarka ce, kai za ka kai ta."

Wannan tukunar ita ta kai shekara huɗu. Sau uku ina hawa babur zuwa Malam Madori da niyyar faɗa, sau uku ina ɓigewa da zancen tsadar taki da ciwon ƙafa. A shekara ta uku aka zo neman auren Falmata. Kun san ba uba ke ba da 'yarsa ba, ɗan'uwansa ne waliyyi, kuma duk 'ya'yana mata Yaya ne ya bayar da su. Aka aika masa, ya ce a nemi wani. Ranar ɗaurin aure wani ɗan'uwanmu na nesa ne ya zauna a wurinsa, kowa a masallaci ya san dalili. Na shiga cikin gida na tarar da Falmata tana kuka a ɗakin uwarta. Ta ɗago ta dube ni. Na san maganar da za ta share wannan hawaye tana cikin bakina, na juya na fita wajen baƙi. A duk abin da na aikata a rayuwata babu wanda nake jin kunyarsa kamar wannan fitar.

A shekara ta huɗu aka aiko cewa jikin Yaya ya yi tsanani. Yagana ce ta ɗauko mini hula ta miƙo, ta ce in na dawo da maganar a cikina wannan karon, kada in shigo mata ɗaki. Ashe ta daɗe da ganewa, daga yadda na daina zuwa mashigi. Na isa da hantsi, na same shi kwance a tabarma a inuwar ɗaki, ya rame har ƙasusuwan hannunsa sun fito. Na zauna a ƙasa wajen ƙafafunsa na faɗa masa komai, igiyar, jiragen masunta, ƙusar, taƙi ɗaya da yatsa biyu. Ban rage ba, ban kuma yi wa kaina ado ba. Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Yarinyar ta sani?"

"Ta sani tun shekarar."

"Ta sani, take zuwa tana durƙusa mini ina juya mata ƙeya?"

"Ni na hana ta faɗa, Yaya."

"Shinkafa ruwa ya ci, Modu, wata ta tsiro. Amma ka bar ni na ƙi ba da 'yata aure a kan laifin da ba nata ba. Wannan a ina zan samo shi?"

Ya ce in kira masa Falmata. Na latsa lambar, na kara masa wayar a kunne don ba ya iya riƙewa. Ina jin muryarta tana sallama, tana zaton ni ne. Dattijon da bai taɓa fara gaida na ƙasa da shi ba ya tattaro sauran ƙarfinsa.

"Falmata, Baffanki ne. Ina kwana, 'yata. Kin tashi lafiya?"

Sun daɗe suna magana, ita tana kuka, shi yana ce mata ya isa. Da suka gama na zare wayar na zauna ina jira ko zai ce mini wani abu. Ya juya ya fuskanci bango. Bayan kwana tara ya rasu. Bai ce ya yafe mini ba, ni kuma ban ga ina da fuskar tambaya ba.